Yaronka Ya Fi Ka Sanin Inda Dukiyarka Take Yoyo



Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da iyalan gidansa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan uwa masu bibiyar wannan shafi, darasinmu na yau a kan ɓarna ne a wajen aiki. Idan aka ambaci almubazzaranci hankalinmu yakan tafi wajen bikin aure da kayan lefe da liƙin kuɗi. To, lallai akwai shi a can. Amma akwai wani almubazzarancin da ba ya kiɗa ba ya guɗa, kullum yana cin dukiyar Musulmi a gona, da masussuka, da rumbu, da wajen injin niƙa, da shago, da ofis. Kuma wanda ya fi kowa ganinsa shi ne wanda ba a tambaya, wato ɗan ƙwadago da yaron shago da yaron inji.

Zan yi maganar ne ina kallon ƙasarmu ta Batsari da Safana, amma duk mai ɗaukar wani aiki, ko wanda aka ɗauka aiki, a ko'ina yake, da shi nake.

HATSIN DA AKA NOMA DA FARGABA

Kowa ya san abin da yankin nan namu na bakin dajin Rugu ya gani. Mutanen Batsari ba su manta da manoman da aka kashe a gonakinsu a 'Yar Gamji a shekarar 2019 ba, ba su manta da abin da ya sami Tsauwa da Dankar a watan Fabrairun 2020 ba. Mutanen Runka da Zakka da Babban Duhu a ƙasar Safana su ma suna da nasu labarin. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya karɓi shahadarsu. Gonaki masu nisa da yawa an yi shekaru ba a taka su ba, shanun huɗa an kore su, mutum mai gona biyar ya koma yana lallaɓa ɗaya a bayan gari. Sannan tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota da kuɗin niƙa da kuɗin ban-ruwa duk suka tashi, taki kuwa ba a magana.

To ɗan uwa, buhun da ya iso gida a cikin wannan hali, buhu ne da aka saye shi da tsada ƙwarai. Wani ya tafi gona bai san ko zai dawo ba. Yanzu a ce wannan buhun, bayan ya tsallake ɗan bindiga, ya zo ya ƙare a bakin ƙwaro da ɓera da gara saboda sakaci? A ce hatsin da uwa ta kwana tana addu'a a kan ɗanta ya je ya girbo, kashi guda nasa ya tafi a cikin ƙasar masussuka? Abin da ɗan bindiga ya ɗauka ba mu da iko a kai sai addu'a da kira ga hukuma. Amma abin da sakaci yake ɗauka, wannan a hannunmu yake, kuma za a tambaye mu.

Mu yi ɗan lissafi mai sauƙi. Mu ɗauka buhu tiya 40 ne. Idan a kowane buhu tiya ɗaya tak ta salwanta, tsakanin sussuka da shiƙa da awo da yagaggen buhu, to mai buhu 40 ya yi asarar buhu guda cur. Ba wanda ya sace shi, ba wanda ya ci shi, ba a yi sadaka da shi ba. Kawai ya tafi. Hausawa suka ce da yayyafi kogi kan cika, to da yoyo ma randa kan ƙare.

ABIN DA ADDINI YA CE

A Suratul Isra'i, aya ta 26 da ta 27, Allah Ya hana watsa dukiya ta hanyar banza, Ya kuma danganta masu yin haka da shaiɗanu dangantaka ta 'yan uwantaka. Ku duba nauyin wannan kalma, jama'a. A Suratul An'am kuma, aya ta 141, a wuri guda Allah Ya ambaci amfanin gona, Ya yi umarni a fitar da haƙƙinsa ranar girbi, sannan Ya rufe da hana israfi. Haƙƙin talaka da hana ɓarna a aya ɗaya. Kuma hikimar a fili take: wanda ya noma da ruwan sama yana fitar da kashi ɗaya cikin goma idan ya kai nisabi, mai ban-ruwa da wahala yana fitar da ɗaya cikin ashirin. Ke nan duk buhu goma da suka salwanta kafin awo, akwai buhun miskini guda a ciki.

Imamul Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Mugira ɗan Shu'uba (RA) cewa tozarta dukiya yana cikin abubuwa uku da Allah Ya ƙi mana, tare da jita-jita da yawan tambaya. Anas (RA) kuma ya ba da labarin cewa Manzon Allah (SAW) yana alwala da mudu ɗaya na ruwa, yana wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar. Mudun Annabi fa cikin tafin hannu biyu ne na matsakaicin mutum. A cikin Sahihu Muslim an umarce mu ko loma ce ta faɗi mu ɗauka mu share ƙazantar mu ci, kada mu bar wa Shaiɗan. Addinin da ya kula da loma guda, kana ganin zai kau da kai daga buhu?

INA ƁARNAR TAKE ƁUYA?

Bari mu kira ta da sunanta, domin wa'azin da bai sauko ƙasa ba ba ya gyara komai.

Batsari ƙasar rogo ce, kowa ya shaida. Rogo kuwa da zarar an tone shi, kwana biyu zuwa uku ya fara baƙi a ciki, wanda fartanya ta sara ma ya fi saurin lalacewa. Maigida yana gida ya ba da umarni a tone kadada guda, alhali motar da za ta kwasa ba a gama magana da direbanta ba. Masu tonon sun san haka, amma aikinsu tono ne, sai su tone.

Taki na yuriya idan aka watsa shi a saman ƙasa cikin zafin rana ba a rufe ba, wani kaso nasa iska yake bi. Kuɗi ne ka watsa wa sama. Masu binciken noma na cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai a Jamhuriyar Nijar sun daɗe suna koya wa manoman gero su sa ɗan taki kaɗan, kamar cikin murfin kwalba, a gindin shuka a rufe. Wanda zai duƙa ya yi wannan aikin ɗan ƙwadago ne. In ya ga dama ya rufe, in bai ga dama ba ya watsa ya wuce, kai kuwa ba za ka sani ba sai kaka.

Wake, idan aka zuba shi a buhun da ba shi da kariya, wata biyu zuwa uku ka buɗe ka tarar da huji da gari. Wasu sai su ɗauko fiya-fiya su yayyafa, su mai da abincin Musulmi guba. Saboda irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Alhali akwai buhun nan na PICS mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu tun 2007. Ba magani a cikinsa, iska kawai yake toshewa, ƙwaron ya shaƙe ya mutu. Amma sharaɗinsa waken ya bushe sarai, leda ba huji, kuma a ɗaure kowace leda daban da kyau. Idan yaron da ke ɗaurin ya yi na ganin dama, kuɗin buhun ma ya tafi.

Haka abin yake a wajen injin niƙa: bel ya saki, inji yana shan mai yana kuka, gari yana zuba ta gefe. Haka a fadama, tiyo ya huje, rabin ruwan da aka ƙona fetur aka jawo yana komawa inda ba shuka. Haka wajen tela da yankan yadi, da gidan burodi, da wajen matan da ke matsar man gyaɗa. Haka a ofis da asibiti da makaranta: magani ya zauna a sito har wa'adinsa ya wuce, marar lafiya ya yini a kan benci saboda an rasa inda aka ajiye katinsa. Kai, har masallatanmu, famfon alwala yana ɗiga wata da watanni kowa yana wucewa, fanka tana juyawa babu kowa a sahu.

MAI ƊAKI SHI YA SAN INDA YAKE YOYO

A duk misalan nan, tambayi kanka: wa ya fara gani? Alhaji yana zuwa gona sau ɗaya a mako, wani ma saboda halin tsaro ta waya yake noman. Yaron da ke kwana da inji shi ya san sautinsa ya canza tun shekaranjiya. Mai ɗaukar buhu a ka shi ya san ƙofar siton da ƙusa take yaga buhu. Dukiyar taka ce, Alhaji, amma mai ɗakin a wajen aiki shi ne wanda hannunsa ke ciki.

Wannan darasi yana cikin Alƙur'ani. Shawarar da ta ceci Masar daga yunwar shekara bakwai daga ina ta fito? Daga kurkuku. Annabi Yusuf (AS) yana tsare, an sayar da shi a matsayin bawa tun yana yaro, shi ya ce a yi noma shekara bakwai a jere, abin da aka girbe a bar shi cikin zangarniyarsa sai ɗan abin da za a ci. Duba Suratu Yusuf aya ta 47. Sarki bai ce wane ne wannan fursunan da zai koya mini mulki ba. Ya sa aka kawo shi, ya damƙa masa taskokin ƙasa. Kuma kakanninmu da ke zuba gero da dawa a rumbu dami-dami ba tare da an sussuke ba, ai hikimar ke nan, hatsi a zangarniyarsa ya fi jure ajiya.

Manzon Allah (SAW), wanda wahayi ke sauka gare shi, Allah Ya umarce shi da yin shawara da sahabbansa a Suratu Ali Imrana aya ta 159. Malaman tarihi sun kawo cewa a Badar, shekara ta 2 bayan hijira, Hubab ɗan Munzir (RA) ya tambaya ko wurin da aka sauka umarnin Allah ne ko dabarar yaƙi ce. Da aka ce masa dabara ce, sai ya nuna wurin da ya fi, kusa da ruwa, kuma aka tashi aka koma can. A shekara ta 5, da rundunonin ƙawance suka nufo Madina, Salmanul Farisi (RA), baƙo wanda bai daɗe da fita daga bauta ba, shi ya kawo dabarar haƙa gwalalo, abin da Larabawa ba su saba da shi ba. Annabi (SAW) ya karɓa, ya shiga ramin da kansa yana ɗaukar ƙasa. Mimbarin masallacin Annabi ma, Bukhari ya ruwaito cewa wata mata ce ta ce tana da yaro kafinta, ko a yi masa abin zama? Sai aka yi. A ƙissar barkar dabino da ke cikin Muslim kuwa, Annabi (SAW) ya nuna wa manoman Madina cewa su suka fi sanin sha'anin sana'arsu.

Idan fiyayyen halitta ya karɓi shawara daga sahabi, ya mayar wa manomi sanin gonarsa, kai wane ne da yaronka zai ce maka "Alhaji, da an bar tonon nan sai jibi" ka ce masa "kai na ɗauka aiki ko kai ka ɗauke ni?"

ME YA SA YARON YA YI SHIRU?

Sau da yawa maigida zai ce yaran yanzu ba su da amana, ba su damu da dukiyar mutum ba. Akwai irinsu, ba musu. Amma kafin ka yanke hukunci, binciki kanka a kan abu huɗu.

Na farko, kana biyansa a kan lokaci? Wanda ya yini a rana, magariba ta yi aka ce ya dawo ranar kasuwa, ranar kasuwa aka ce Alhaji ya tafi Katsina, wannan ba zai duƙa ya tsince maka tsaba ba. Ibnu Majah ya ruwaito umarnin a biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba. A Bukhari kuma, cikin hadisi ƙudusi, akwai mutum uku da Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar ƙiyama, ɗayansu shi ne wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya ci moriyar aikinsa cikakke, ya hana shi ladansa. Wa zai tsaya maka a ranar?

Na biyu, me ke faruwa da wanda ya kawo maka labarin ɓarna? Idan duk wanda ya ce inji ya fara ƙara shi za a ce ya lalata, a cire a kuɗinsa, to ka koya wa yaranka su ɓoye. Za su bari sai injin ya buga gaba ɗaya, a lokacin ba wanda za a kama. Anas (RA) ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara goma, ya ce bai taɓa yi masa ko tsaki ba, bai taɓa tuhumarsa a kan me ya sa ya yi kaza ko ya bar kaza ba. Ba ana nufin kada a yi gyara ba. Ana nufin gyaran kada ya zama wulaƙanci.

Na uku, in ya kawo dabara ta yi amfani, sunan wa ake kira? Wani maigidan zai yi fatali da shawarar yaro yau, bayan mako biyu ya dawo da ita a matsayin tasa. Yaron ya gani, sauran ma sun gani.

Na huɗu, kana ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa? Hadisin Abu Zarri (RA) a Bukhari ya kira masu yi mana hidima 'yan uwanmu, ya ce a ciyar da su irin abin da ake ci, kada a ɗora musu abin da zai rinjaye su, in an ɗora a taimaka musu. Gajiyayye da mai jin yunwa su suka fi yin ɓarna, ba don mugunta ba. Mutum biyu ka sa aikin mutum biyar, dole a yi gaggawa, gaggawa kuwa ita ke sare rogo, ita ke zubar da hatsi.

ABIN DA WASU SUKA RIƘE MU MUKA SAKI

Hikima kayan mumini ce, inda ya same ta ya ɗauka. Kamfanin Toyota na ƙasar Japan, wanda motocinsa suka cika hanyoyinmu, bayan Yaƙin Duniya na Biyu ba shi da kuɗi ba shi da kayan aiki kamar kamfanonin Amurka. Sai suka duƙufa a kan toshe ɓarna. Wani injiniyansu mai suna Taiichi Ohno ya kasa ɓarna gida bakwai: yin abin da ya wuce buƙata, zaman jira, yawo da kaya ba dalili, aikin da bai ƙara komai, tara kaya a sito, kai-komon ma'aikaci, da aikin da ya lalace sai an sake. Karanta su da kyau, za ka ga rogon da aka tone babu mota, za ka ga leburori goma zaune suna jiran a kawo buhuna daga gari.

Tun 1951 suka buɗe hanyar da kowane ma'aikaci zai rubuta shawararsa a duba, a ba shi tukuici. Sannan suka rataya igiya a layin haɗa mota, duk ma'aikacin da ya ga matsala, komai ƙanƙantar matsayinsa, yana da ikon ja, shugabansa ya taho da sauri, in ba a warware ba layin ya tsaya. Suna kiran wannan ɗabi'a kaizen, wato gyara kaɗan-kaɗan ba tsayawa. Ƙasar Habasha ma ta ɗauko tsarin, har ta kafa masa cibiya a 2011.

Ɗan uwa, wanne ne baƙo a wajenmu a cikin wannan? Shawara ce, da hana israfi, da ɗorewa. Nana A'isha (RA) ta ruwaito, a Bukhari da Muslim, cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Su sun riƙe don neman riba, mu an haɗa mana riba da lada, amma muka bar shi a cikin littafi.

TO YAYA ZA A YI?

Ba sai ka kira taro da lasifika ba. Irin wannan gyaran na kwana uku ne, maigida ya yi faɗa, kowa ya yi zafi, mako na zagayowa an koma gidan jiya. Ga abin da nake ba da shawara:

1. Ware lokaci ɗan kaɗan sau ɗaya a mako, misali bayan la'asar ranar da kake sallamar yara. Zauna a tabarma ɗaya da su, ka yi tambaya guda: a makon nan me kuka ga yana salwanta? Sai ka yi shiru. Makon farko wataƙila ba wanda zai yi magana, suna auna ka ne. Ka jure.

2. Zaɓi abu ɗaya kawai ku gyara kafin wani makon. Shimfiɗa tamfol a masussuka. Ɗora buhuna a kan katako, a janye su daga jikin bango. Cire ƙusar nan. Ɗaure tiyon nan. In an gama a ɗauki na gaba.

3. Auna. Jarka nawa injin yake sha jiya, nawa yake sha bayan an gyara bel? Dami nawa ya ba da buhu bara, nawa ya ba da bana? Rubuta a littafi, ko da ajami ne, ko a bango da gawayi, inda kowa zai gani.

4. Yi alƙawari a gaban kowa cewa wanda ya faɗi ɓarna da bakinsa tun da wuri, ko shi ya yi kuskuren, ba za a ci masa mutunci ba. Kuma ka cika.

5. Abin da aka tsira da shi a ba su rabo. In dabarar yaro ta rage maka jarka biyu a wata, ba shi kuɗin rabin jarka, ka ambaci sunansa. Sanya lada ga wanda ya cim ma wani aiki ayyananne halal ne, malaman fiƙihu suna kiransa ji'ala. Ka faɗi adadin tun farko don kada a yi jayayya.

6. Kai ma ka bi dokar. Ba zai yiwu ka hana yaro zubar da tiya ba alhali kai kana barin janareta yana aiki kana hira a ƙofar gida.

Ke ma Hajiya mai 'yan aikin ƙuli-ƙuli ko surfe, da shugaban ofis, da hedimasta, da kwamitin masallaci, duk wannan ya hau kanku. Tambayi ladani da mai shara, su suka san famfon da ke ɗiga.

GARE KA ƊAN UWA MA'AIKACI

Kada ka karanta wannan ka ce malam ya gama da masu gida. Kai ma akwai naka. A Suratul Ƙasas aya ta 26, 'yar dattijon Madyana ta siffanta Annabi Musa (AS) da abu biyu da ake nema ga wanda za a ɗauka aiki: ƙarfi da amana. A hadisin Ibnu Umar (RA) da ke Bukhari da Muslim, inda aka ce kowa makiyayi ne kuma abin tambaya, an ambaci mai hidima da sunansa, cewa shi mai kiwo ne a dukiyar maigidansa. Ke nan kalmar nan ta "ba na ubana ba ne" ba za ta karɓu ranar hisabi ba.

Ka ga ɓarna ka yi shiru don maigida ya ɓata maka rai, ka ci amana. Zaluncinsa yana kansa, shirunka yana kanka. Nemi haƙƙinka ta hanyarsa, ka kai ƙara wajen mai unguwa ko liman ko dattawan sana'a, amma kada ka rama a kan hatsi. Kada ka zuba danshi a ƙasan buhu busasshe a sama. Annabi (SAW) ya cusa hannu a tarin abinci a kasuwa ya ji lema a ciki, ya barranta daga mai algus, hadisin yana Muslim. Kuma in za ka ba da shawara ka ba da ita da ladabi, ka keɓe da shi, kamar yadda Hubab ya fara da tambaya. Sannan ka sani, hannun da ya saba da kyautata aikin wani, ranar da Allah Ya ba shi nasa ba zai sha wahala ba.

KADA TATTALI YA ZAMA ROWA

Wannan gargaɗi dole ne, don na san wani zai ɗauki rubutun nan ya mai da shi sanda. Rage abincin leburori ba rage ɓarna ba ne. Tauye mudu ba tattali ba ne, Suratul Muɗaffifina ta gama magana a kansa. Korar zawarawa da marayu da 'yan gudun hijira masu kala a gona bayan girbi, ko masu roron gyaɗa, wannan ma ba ya ciki. Abin da ya shiga cikin mabuƙaci bai salwanta ba, ajiya ce ka yi. Ku tuna masu gonar da ke Suratul Ƙalam, da suka yi sammako don su girbe kafin miskinai su farga, suka tarar babu komai. Suratul Furƙan aya ta 67 ta yabi bayin Allah da tsayawa tsakanin israfi da ƙwauro. A garuruwanmu da ke cike da waɗanda aka raba da ƙauyukansu, buhun da ka ƙwato daga bakin ƙwaro ka san ƙofar da ya kamata wani kaso nasa ya shiga.

Don haka a wannan mako, kowane mai gida a cikinmu ya kira yaransa ya yi musu tambayar nan guda ɗaya, ya saurara. Wanda ke riƙe da kuɗin ƙwadagon wani ya biya kafin ya kwanta. Wanda ya gwada ya ga canji ya sanar da maƙwabcinsa, domin mai nuni ga alheri yana da lada irin na mai aikatawa.

Ya Allah Ka sa albarka a cikin abin da muka noma da abin da muka saya muka sayar. Ka tsare mu daga israfi da rowa da cin haƙƙin ma'aikaci. Ka dawo mana da zaman lafiya mai ɗorewa a Batsari da Safana da jihar Katsina da Najeriya baki ɗaya. Ka mayar da kowa gonarsa da gidansa cikin aminci, Ka kuɓutar da waɗanda ke hannun miyagu, Ka jiƙan magabatanmu.